Jijiyar da Ta Ƙi Rufuwa

Yaya Jabbar mai gasa burodi ne a garin Nasiriyya. Tun yana saurayi yake tsayuwa a bakin tanderu daga asuba zuwa azahar, kuma tun da ya auri Sabriya babu yammacin da ba ta ɗumama man zaitun ta matsa masa ƙafafu ba. Ko sun yi faɗa tana yi, sai dai ranar ta fi sa ƙarfi.

Da annobar numfashi ta kama shi, aka kwantar da shi a ɗakin masu tsananin ciwo. Ma'aikata sun yi kaɗan, don haka aka bar kowane majinyaci da nasa mai jinya. Mu biyu muka zauna da shi, Sabriya da ni ƙanwarsa Ikhlas. Ita ke juya shi tana goge masa jiki. Ni kuwa, da yake aikin koyarwa na yi har na ajiye, aka ɗora mini kallon lambar da ke nuna yawan iskar da ke jininsa. In ta yi ƙasa in kira nas.

Wata safiya ya nuna ƙafarsa ta hagu da yatsa. Robar iska ta rufe masa baki da hanci, maganarsa sai an kasa kunne.

"Umm Riyad, ƙafar nan kamar an cusa mata garwashi." Haka yake kiran Sabriya, wato uwar ɗansu Riyad, ita kuma ta kira shi Abu Riyad.

Sabriya ta yaye bargo. Sha-raɓarsa ta kumbura, ta yi ja, fatar tana sheƙi.

"Kwanciya ce," in ji ta. "Mutumin da bai saba zama ba an shimfiɗe shi kamar kifi. Malama, miƙo mini kwalbar nan."

Na miƙa mata. Ta tsoma kwalbar man a ruwan butar shayi har ya yi ɗumi, ta zuba a tafin hannu, ta fara murzawa daga idon sawu zuwa gwiwa. Yaya ya lumshe ido. Rabon da in ga fuskarsa ta saki haka tun kafin a kawo shi, har na ji daɗi a raina.

"Ɗaga hannunki!"

Muryar ta sa majinyacin gadon kusa ya zabura. Dakta Rusul ce, likitar ɗakin, 'yar siririya da ba a ganin komai nata sai idanu a bayan gilashi. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar.

"Inna, don Allah ɗaga hannunki. Kar ki sake shi da ƙarfi. A hankali. Yauwa."

Sabriya ta tsaya da hannuwa a sama, mai yana bin gwiwar hannunta.

"'Yata, tausa ce fa kawai."

"Tun yaushe ta kumbura?"

"Yau muka gani."

"Kin daɗe kina matsawa?"

Sabriya ta dube ni. Na ce ba ta daɗe ba, amma ta kai gwiwa ta dawo sau da yawa.

Dakta ta fita da sauri, ta dawo tana turo na'urar sikanin a kan tayoyi. Ta ja labule, ta ce a yaye masa har cinya. Yaya ya kama bakin bargo ya riƙe.

"Gaban yarinya? Ku bar ni in mutu da mutuncina."

"Baba, cinyoyin da na gani yau sun fi burodin da kake gasawa yawa," in ji ta. "Taka ba ta fi kowacce kyau ba. Saki."

Ya saki. Ta shafa masa wani mai mai sanyi a cinyar dama, lafiyayyiyar, ta ɗora kan na'urar. Sai ta ce mu matso mu gani, wai in ba mu gani da idonmu ba, tana juya baya za mu koma ga kwalba.

A gilashin na'urar akwai baƙaƙen ramuka biyu, gefe da gefe.

"Jijiyoyin jini ne," in ji Dakta. "Wannan mai bugawa ita ke kai jini ƙafa. Wannan babbar ita ke mayar da shi zuciya. Ku duba."

Ta danna. Babban ramin ya rufe ruf, kamar bakin jariri. Ta sassauta, ya buɗe.

"Haka ake so. Jini ruwa ne, in na danna sai ya kauce."

Ta koma ƙafar hagu. A saman cinya ta danna, ramin ya rufe, amma da ta saki sai muka ga wani abu kamar hayaƙi yana juyawa a ciki a hankali. Ta ce jinin ne ya yi nauyi, ba ya gudu, cutar nan haka take yi wa masu kwanciya. Ta gangara ƙasa kaɗan ta danna. Ta ƙara gangarawa. Kusa da gwiwa ta danna, ramin bai rufe ba. Ta ƙara ƙarfi kaɗan, sai ta janye hannu da sauri. A cikin ramin akwai wani abu toka-toka, kuma bakinsa na sama yana kaɗawa kamar jelar ƙaramin kifi.

"Gudan jini ne," ta ce. Muryarta ta yi ƙasa. "Ya daskare a nan. Muddin yana nan, da magani jiki zai cinye shi sannu a hankali. In ya ɓalle, hanya ɗaya gare shi. Zuciya, daga nan huhu. Huhun Baba kuwa kun ga yadda yake."

Sabriya ta zauna a ƙasa, a kan tayil.

"Na tura shi? 'Yata, gaya mini gaskiya. Na tura masa wani?"

"Yanzu zan duba."

Ta ɗora kan na'urar a ƙirjinsa, ƙarƙashin nonon hagu. Zuciyar yayana ta bayyana a hoton baƙi da fari, tana buɗewa tana rufewa. Dakta ta ce in gudan jini ya toshe hanyar huhu, ɓangaren dama na zuciya yakan kumbura ya danne na hagu. Ta ci gaba da juya hannu. Ni ban san dama ko hagu ba a wannan hoto. Idanunta kawai nake kallo.

"Bai kumbura ba," ta ce daga baya. "Ban ga alama ba tukuna."

Aka yi masa allurar tsinka jini a fatar ciki. Aka ɗora ƙafar a kan matashi. Kafin Dakta ta fita ta ce ko ya yi kuka, ko ya yi zagi, kada wanda ya taɓa ƙafar.

Ya kuwa yi duka biyun. Bayan azahar zazzaɓi ya tashi, ya manta duk abin da aka nuna masa.

"Sabriya, matsa mini."

"An hana, Abu Riyad."

"Wa ya hana? Ita ta aure ki ko ni?"

"Ka yi haƙuri."

"Kaɗan. Wajen idon sawu. Ba wanda zai gani." Ya juyo gare ni. "Ikhlas, ke ma? Ni na goya ki zuwa makaranta."

Na ce, "Yaya, na gani da idona. Yana kaɗawa."

Ya kira mu marasa imani. Ya ce Sabriya ta gaji da shi, jira take ya tafi ta sayar da tanderu. Ita dai ta cusa hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu, hawaye yana jiƙa takunkumin fuskarta. Sau biyu na ga kafaɗarta ta motsa, na dafa ta.

Wajen la'asar ya yunƙura zai kai hannu ga ƙafar da kansa. Ya lanƙwasa gwiwa kafin mu tare shi. Sai tari ya sarƙe shi. Lambar da nake tsaro ta fara sauka, na'ura ta hau ƙara, leɓɓansa suka yi duhu a cikin roba. Idanunsa suka fito yana dubanmu, ba ya iya cewa komai.

Ban san lokacin da na fita ba. Na ji dai muryata a baranda tana kiran Dakta, irin ihun da ban taɓa yi wa ɗan kowa a aji ba.

Suka zo da nas, suka ɗaga shi zaune, suka ƙara iska, nas ta zuƙe masa majina da roba. Dakta ta jawo na'urar sikanin ta ɗora a ƙirjinsa. Ta daɗe. Sannan ta koma gwiwa, ko dannawa ba ta yi ba, ta ɗora kawai.

Sabriya ta rufe ido. "Gudan ya tafi ko?"

"Buɗe idonki, Inna."

Abin toka-tokan yana cikin raminsa, jelar tana kaɗawa yadda muka bar ta.

"Yana nan. Zuciyar ma yadda take ɗazu. Majina ce ta toshe shi."

"Yana nan," in ji Sabriya. Ta kama hannuna ta matse har na ji zafi. "Malama, yana nan. Alhamdu lillahi, yana nan."

Lambar ta fara hawa da kaɗan-kaɗan. Dakta ta goge kan na'urar, ta ce kwanakin farko su ne abin tsoro, gobe da safe za ta sake dubawa. Yaya ya koma ya jingina, ya gaji ko zagi ba ya iyawa. Muka gyara masa matashin, ni na riƙe diddige, ita ta tallafi gwiwa da tafin hannu a buɗe, muka sauke ƙafar a hankali ba tare da yatsa ɗaya ya danna ba.