Saja da Bututun Mai Famfo

Ni na fara gani. Kafin likita, kafin 'yarsa, kafin shi kansa Mai Famfo ya yarda cewa wani abu na cin sa. Ina zaune a kan bencina a ƙofar gida ya fito da jakar kayan aiki, sai karensa Saja ya sha gabansa, ya cusa hanci a gefen cikinsa na dama, ya ƙi matsawa.

"Kauce mini, Saja."

Kare ya tsaya kamar an dasa shi.

Na ce, "Maƙwabci, karen nan yana shinshinar wani abu a jikinka. Yau kwana uku ina lura."

"Kai dai ba abin da ba ka lura da shi, Magini. Har tunanin kaza kana gani."

Ya yi dariya ya wuce. Ni ban yi ba. Ban taɓa zama a aji ba, amma na faɗo daga bene hawa uku na tashi da ƙafafuna, mota ta kife da mu mutum tara, ni kaɗai na fito ina karkaɗe riga. Na san yadda mutuwa take tsayawa a bakin ƙofa.

Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakanina da shi. Ni ba ma'abocin kare ba ne, amma ina da son sanin abu, shi kuma idan aka taɓo maganar karnuka sai ya manta da aikin da aka kira shi. Wata rana na tambaye shi me ya sa karen mai kantin magani, mai zubabbun kunnuwan nan, yake kaɗa wa kowa wutsiya, Saja kuwa ko kallona ba ya yi.

"Ai ba iri ɗaya ba ne. Wancan kakanninsa tsuntsu suke ɗauko wa maharbi. Ɓarawo ya shiga, shi zai riƙe masa jaka. Ɗan ƙaramin nan na gidan tela, mai gashi kamar tsumman goge ƙasa, bakinsa ya fi jikinsa. Shi kuwa Saja, irinsu tumaki suke tsarewa. Aiki yake so, da doka, da mutum ɗaya."

"Mutum ɗaya tak?"

"Tak. Sauranku duk tumaki ne."

"Har da ni?"

"Kai tsohon rago ne."

Kafin Saja ya taɓa yin wani kare, aka jefo masa nama mai guba ta kan katanga, ya mutu a hannunsa. Saboda haka ya hori Saja tun yana ɗan kwikwiyo: kada ya ci komai, ko daga hannun wa, sai an ba shi alama. Na gwada da kaina. Na jefa masa tsokar nama, ya dube ta, ya dube ni kamar na zage shi.

"To mece ce alamar?"

"In gaya maka? Kafin rana ta faɗi duk layin nan sun ji."

Shekara shida ina bin sa da tambayar nan. Na leƙa ta kan katanga har wuyana ya yi tsami. Abin da nake gani kawai ya ajiye kwano, ya shiga ɗaki, can sai kare ya sunkuya ya ci.

Wata huɗu bayan ranar da na yi masa magana, Mai Famfo ya kwanta. Hanta ce, inji likita, gefen dama, daidai inda Saja ya sa hanci. Autarsa ta baro gidan mijinta ta zo jinya. Ya sa ta ja gadonsa zuwa jikin bango, inda bututun ruwa ya ratsa ɗakin, ya ajiye sifana a ƙarƙashin matashi. Bututun nan shi ya haɗa shi da hannunsa, kuma shi ne ya huda katanga ya shigo ɗakina. Safe da yamma ina jin ana ƙwanƙwasa shi. Tun da can ma ina ji, na ɗauka sabon mai gyaran famfo ne, hannunsa ba ya zama.

Auta ta ce mini, "Baba, da na ajiye wa kare abinci sai ya buga ƙarfen nan yana kirana. In na shiga kuma ya ce ba komai."

Ranar da na ga ƙarshen zamana da shi, da hantsi ne. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Saja na kwance a ƙarƙashin gado, kai a kan ƙafafu.

"Magini, wa zai riƙe mini shi?"

"Ka gaya wa yarinyar nan alamar mana."

"Gobe. Mijinta ba ya son sa, in ta sani za su ba da shi ga wanda zai ɗaure shi a rana." Ya huta, ya dube ni da gefen ido. "Kai ma ai ka sani. Shekara shida kana ji."

Na ɗauka zafin ciwo ne yake magana. Na gyara masa matashi na fita.

Goben ba ta same shi da baki ba. Jibi da rana tsaka Auta ta leƙo ta kan katanga, ta ce ya cika. Allah ya jiƙansa.

Daga nan Saja ya rufe baki. Ruwa kawai yake lasa. Auta ta kawo nama, ta kawo madara, ta durƙusa tana lallashinsa kamar jariri. Yakan zauna a gaban kwanon, kunnuwa a tsaye, yawu na zuba, amma ba ya taɓawa. Kwana ɗaya, biyu, huɗu. Haƙarƙarinsa suka fito ana ƙirgawa.

Rana ta biyar mijin Auta ya zo da likitan dabbobi. Na bi su ciki, don ba a yin abu a layin nan ba ni.

Likita ya ce, "Irin wannan haka suke. Baƙin ciki ne. Wasu sukan bi mai su."

Mijin Auta ya ce, "To a yi masa allura ya huta. Ba ma iya kallon wannan."

Auta ta juya fuska jikin bango.

Na ce, "Likita, mai baƙin ciki yana zubar da yawu a kan abinci? Dubi kunnuwansa. Wannan jira yake yi."

"Jiran me, Baba?"

Na roƙi a ba ni zuwa yamma, na koma ɗakina na zauna a bakin gado ina juya maganar. Ɗakin ya yi mini wani irin shiru da ban saba da shi ba. Na dubi rufi, na dubi ƙofa, idona ya sauka a kan bututu. Kwana biyar bai yi ƙara ba.

Ba wai ban sani ba ne tun da daɗewa. Na sani, kawai dai ban tuna cewa na sani ba.

Na ɗaga murya ta kan katanga. "Auta, ajiye kwanon ki matsa."

Na ɗauko tsohuwar gudumata ta gini. Bugun yana cikin kaina kamar sunana, da yawansa, da inda ake ɗan tsayawa. Na buga, na fito da sauri na hau bulo na leƙa.

Saja ya miƙe tsaye yana tangaɗi. Bai nufi kwano ba. Ɗakin mai gidansa ya nufa, ya ture ƙofa da hanci, ya tsaya yana kallon gadon da aka naɗe katifarsa. Ya daɗe a nan. Sannan ya dawo a hankali, ya sunkuya, ya fara ci.

Likita ya mayar da allurarsa cikin jaka.

Mijin Auta ya ce, "Me ka yi, Baba? Sau nawa ka buga?"

"Kai ma ai kana da kunne."

An sa 'yan haya a gidan Mai Famfo yanzu, amma da sharaɗin kare yana nan. Ni na fasa katanga na sa 'yar ƙofa, da hannuna, a wannan shekarun nawa. Safe da yamma nakan ajiye kwano, in shiga ɗaki, in buga. Har yau bai kaɗa mini wutsiya ba. A wurinsa ni tsohon rago ne da ya iya ƙwanƙwasa ƙarfe. Amma makon jiya na tashi daga barcin rana na same shi kwance a ƙarƙashin bencina, kuma na bar shi ya shinshina cikina dama da hagu. Bai tsaya a ko'ina ba. Ina nan tukuna.

Mai Famfo ya ce kafin rana ta faɗi duk layi za su ji daga bakina. Rana ta faɗi sau ɗari biyu, ba wanda ya san yawan bugun. Wanda yake ganin ƙarya nake yi, ya sayo nama mafi kyau ya zo, zan ara masa gudumar ma. Ya ajiye, ya buga bututun yadda ya ga dama. Zai ga Saja zaune a gaban kwano, kunnuwa a tsaye, ya juya kai wajen ɗakina yana jira.