Takalman Ƙofar Inna Gambo

Barci ya sace Injiniya Munzali bayan azahar, a kan kujerar roba, takarda a cinya, mabuɗi a aljihu. Takardar jawabin da zai karanta ce ran addu'ar arba'in ɗin mahaifiyarsa, Inna Gambo: shekara casa'in da ɗaya, 'ya'ya bakwai, fataucin goro daga Kumasi har Agadas, hajji uku. Mabuɗin kuwa na ɗakin bakin zaure ne, wanda ta ware shekara hamsin domin mutanen ƙauye masu jinya a asibitin da ke kusa. Su kwana, su ci tuwo, su tafi, ba a tambayar sunan kowa.

Da safiyar ranar ya sa wa ɗakin kwaɗo. Shekara ashirin da shida ya yi a Turai, ya dawo ya tarar da takalma jibge a ƙofa kullum, na roba da na taya, har mutum ya yi tuntuɓe. Ya ce za a mai da ɗakin ofishin Gidauniyar Inna Gambo, har ya sa an rubuto allo. Yayarsa Talatu, wadda ta yi jinyar tsohuwar shekara tara, ta ce, "Munzali, matar da ke ciki jiya aka yi wa mijinta aiki." Ya ce, "Yaya, gida ba tasha ba ne. Komai sai da tsari." Ta kwashe wa matar kayanta zuwa gindin darbejiya.

A cikin barcin sai ya gan shi a ƙofar wani birni mai ganuwa, rana tsaka, babu inuwa ko ta kara. Wani tsoho ya tare shi, rigarsa duk baƙin mai.

"Ɗan Inna, ba ka gane ni ba. Ɗan'azumi ne, direban motar goro. A cinyata ka yi fitsari a hanyar Jega."

"Ai ka rasu tun ina sakandare."

"To wa kake zaton za ka tarar a nan? Taho."

Suka fara wuce wasu mutane durƙushe suna lasar busasshiyar ƙasa, kowanne da allon ƙarfe rataye a wuya, ya yi ja don zafi. Munzali ya tambayi laifinsu. Tsohon ya ce, "Masu haƙa rijiya domin a ɗauki hoto. Allon ya yi shekara ashirin a tsaye, ruwan bai yi wata biyu ba."

Gaba kaɗan ga rumfa cike da masu manyan riguna. Gumi ya jiƙa su, ƙafafu sun kumbura. Duk wanda ya yunƙura zai tashi sai mai sanarwa ya ce babban baƙo yana hanya, sai ya koma ya zauna.

"Shugabannin ƙungiyar ci gaban gari ne. An kawo musu kukan gada ta karye, suka kafa kwamiti. Kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti. Yara biyu suka tafi a ruwan."

"Daidai ke nan," in ji Munzali. "Abin da nake ta faɗa tun da na sauka. Mutanenmu sai surutu."

"Adana bakinka. Da sauran tafiya."

Suka ga 'yan tasha da suka saba sayar wa mutum uku kujera ɗaya, an cusa su arba'in a motar da ba ta da inji, ana ta kiran saura mutum ɗaya. Suka ga ma'aikacin asibiti da ke korar masu jinya daga baranda, yana kewaya fili da tabarma a hammata, duk inda ya shimfiɗa sai ƙasar ta zama ƙaya. Munzali yana ta gyaɗa kai.

Daga nan suka iso wani gida da ba shi da ƙofa. Maza da mata masu kyawawan kaya suna jan akwatuna suna zagaya shi, daga ciki tsofaffi na kiran sunayensu.

"Waɗannan fa?"

"Sun san hanyar kowane filin jirgi a duniya. Ba su san sunan maganin da uwarsu ke sha ba."

"Ni duk Juma'a nake kira."

"Ban tambaye ka ba."

A bayan gidan akwai dandali. Mutane a tsaye suna karanta jawabi ga kujeru wayam, duk kalmar yabo da ta fito sai ta zama tsakuwa a bakinsu, dole su tauna kafin su ci gaba.

"Masu yabon mamaci da baki, su rushe aikinsa da hannu," in ji Ɗan'azumi.

A ƙarshen layi Munzali ya hango wuri ɗaya babu kowa, sai kujerar roba da takarda a kai. Ya gane rubutunsa. Ya ce, "Baba, ina Inna?"

Tsohon ya kai shi wata 'yar ƙofa a jikin ganuwa. Iska mai sanyi tana fitowa ta ƙarƙashinta. A gabanta takalma ne shimfiɗe iyakar ganin ido, na roba, na taya, na yara, wani ƙafa ɗaya da sanda a gefensa.

"Shaidunta ne. Tun ranar da ta iso suke shiga, har yanzu ba a gama sauraronsu ba."

"Babban mutumin da ya taɓa ba ta lambar yabo fa? Yana cikin jawabina."

"Ba a neme shi ba."

A bakin ƙofar ya ga silifas ɗinta, shuɗi, wanda aka ɗaure igiyarsa da waya. Ya sunkuya zai cire nasa takalmin ya shiga. Mabuɗin da ke aljihunsa ya yi nauyi kamar dutsen niƙa, ya ja shi ƙasa, ya ƙona masa cinya.

"Ba a shiga da wannan," in ji Ɗan'azumi.

Sai ya ji muryarta daga ciki, irin wadda take yi in an bar tukunya ta ƙone. Ba ta ko kira sunansa ba. Cewa ta yi, "Wa ya bar mini baƙuwa a rana?"

Ya farka ana kiran la'asar, riga sharkaf, hannunsa dafe da aljihu. Ya yi salati, ya miƙe. Inuwar darbejiya ta kauce, matar tana zaune a rana da ƙullin kayanta da kwanon abincin mijinta.

Ya buɗe ɗakin. Ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Shiga."

Talatu tana tsaye a tsakar gida da muciya a hannu.

"Ofishin fa, ranka ya daɗe?"

"Babu."

"Allon da aka rubuto?"

"A rufe kwatar ƙofar gida da shi. Mutane na faɗawa."

Ya miƙa mata mabuɗin. Ta dube shi, ba ta karɓa ba.

"Me zan yi da shi? Ɗakin nan bai taɓa sanin kwaɗo ba sai da ka zo."

Ya je ya aro guduma, ya ɓalle ƙarfen da ake maƙala kwaɗon daga jikin ƙyauren. Ya ce gobe a nuna masa inda ake sayo dawar tuwon baƙi. Da ya juya zai tafi masallaci, takalman matar suna nan a tsakiyar hanya, inda kowa ke barin nasa. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake su a hankali.