Tagar Mai Agogo

Maganar ta zaga gidan tun daga ƙasa har saman bene: wai Mai Agogo, tsohon nan mai gyara a ɗakin ƙasa, taga ya buɗe ya kwanta, sanyi ya shige shi a ƙirji, aka wayi gari babu shi. Kowa ya ga tagar a wangale ranar da aka fito da gawar.

Tun ranar Malama, wata tsohuwa da ke zaune a saman benen, ba ta ƙara shaƙar iskar waje ba. Autarta, wadda ta ɗauko ta ta riƙe tun da gwiwa ta hana ta hawa da sauka, ta cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa, ta liƙe bakin taga da salatif, ta naɗe uwar cikin bargo kamar jaririya. Safe da yamma kaskon gawayi yana ja a gefen gado.

"Auta, kaina kamar ana sara."

"Sanyi ne, Inna. Bari in ƙaro garwashi."

"Ko ƙaya ce ta soke ni, ke sanyi za ki ce."

"Yi ta faɗa. Ni dai ba za a ce na yi sake da ke ba. Kin ga Mai Agogo."

Malama kuwa ta ga Mai Agogo, shi ya sa maganar ta ƙi kwanta mata. Ta ƙare ƙuruciyarta a aji tana tambayar ɗalibai wa ya gaya musu, kuma shi wa ya gaya masa. Daga kujerarta tana hangen tagarsa ta gilashi, can ƙetaren tsakar gida, ba ta taɓa ganinta a buɗe ba ko da zafi. Mutumin da ke tsoron iska ta kwashe masa 'yan kusoshin agogo, shi ne zai buɗe taga da sanyi?

Sauka dai ba ta iyawa. Da ta hango ƙanwarsa ta zo kwashe kaya, sai ta yi ta ƙwanƙwasa gilashi da sandarta har matar ta ɗaga kai.

Ƙanwar ta hauro tana haki. Aka yi gaisuwar rashi. Ta zauna bakin gado, ba a jima ba ta fara fifita da gefen mayafi.

"Malama, ɗakin nan naki na Yaya ne sak. Har nauyin iskar."

"Ke kika fara shiga wurinsa?"

"Ni ce. Na kawo masa abin kari, na buga, shiru. Sai da aka ɓalle ƙofa."

"Tagar fa?"

"Wayyo, da ƙyar ta buɗu. Ya toshe ko'ina da jarida. Ina shiga jiri ya ɗebe ni, ga kaskonsa da sauran wuta. Wuƙa na sa na ɓamɓare, na tura ta waje."

"Kin gaya wa mutane haka?"

"Wa ya tambaye ni? Suna ta cewa sanyi, ni kuma kuka nake."

Bayan ta tafi, Malama ta ja jiki zuwa taga. Salatif ɗin ya kama gam, farcenta ya kasa. Ta gwada da bakin sanda, ɗakin ya juya mata, ta koma kujera tana numfashi sama sama.

Auta ta turo ƙofa da kafaɗa, sabon garwashi a hannu, ta sa ƙafa ta mayar da tsumman wurinsa.

"Me kuma kike nema a jikin taga, Inna?"

"Fitar da kaskon nan, Auta. Tagar Mai Agogo a rufe take da ya rasu, ƙanwarsa ce ta buɗe daga baya. Gawayi ne ya kashe shi."