Kallo ta Kan Katanga

Tun da kakata Maureen ta rasu, Kaka Clifford ya daina biyan lasin talabijin, kuɗin da doka ta ce a biya a nan Ingila kafin a kalli talabijin a gida. Ya ba da akwatin kyauta, ya buga waya ya shaida wa masu lasin babu mai kallo a gidan nan kuma. Ni ban damu ba. Wanke-wanke nake yi a shagon soyayyen kifi da dankali, in na dawo barci kawai nake nema.

Ran nan maƙwabciyarmu Brenda ta leƙo ta kan katangar bayan gida tana haki.

"Cliff! Jiya na ga Maureen! A shirin tarihin nan na BBC, an nuna matan da ke gyaran kifi a tashar jiragen Grimsby. Ga ta nan da ɗankwalinta, budurwa shar!"

Kaka ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Ba mu da hoton kakata mai motsi ko ɗaya.

"Ya wuce ke nan," ya ce.

"Ina ya wuce? Yana intanet. Jikarka Gemma ta buɗe maka mana."

"Ba mu da lasin."

A wurin aiki kowa da tasa. Mai shagon ya ce in dai ba kai tsaye ake nunawa ba, babu ruwan lasin. Wani da ya zo sayen kifi ya tsoma baki ya ce ƙarya ne. Aka ce in buga waya in tambaya, ni da ko mai kawo wasiƙa ba na iya haɗa ido da shi. Sai na duba a wayata, ina bin layi da yatsa, don ban yi nisa a makaranta ba. Ashe shirin da ya riga ya wuce na wasu tashoshin ana iya kallonsa ba lasin, amma a manhajar BBC ko ya kwana sai da shi.

Da ma na yi shiru. Amma na faɗa wa Kaka.

"To shi ke nan," ya ce.

"Kaka, wa zai sani?"

"Ni zan sani. Na ce musu ba a kallo a nan. Ba zan fara ƙarya a kan kakarki ba."

"To mu sake biya."

"Don shiri ɗaya? Allah ya kiyaye."

"To mu shiga gidan Brenda."

"In je ina sharɓar hawaye a gaban mijinta da karnukanta? Rufa mini asiri, 'yar nan."

Na shiga kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Washegari da rana Brenda ta shigo riƙe da kwamfutar hannu. Ta ce ɗiyarta ta gaya mata lasinta yana bin ta duk inda ta je, muddin abin da batirinsa yake aiki, ba a jona shi a wuta ba. Kaka bai yarda ba sai da ya sa na nemo na karanta masa da ƙarfi, ina tuntuɓe a kan kalmomin, Brenda tana gyara mini.

Muka jeru a kan kujera. Shirin ya fara da jirage, sannan wani tsohon matuƙi ya kama surutu babu ranar gamawa. Na ga alamar batir ta yi ja.

"Brenda, kin yi caji kuwa?" na ce ƙasa-ƙasa.

"Jikokin nan ne da wasanninsu. Zai kai, kada ki damu."

"Matsa gaba, ke!" in ji Kaka.

Ta matsa, ta zarce har ƙarshe. Ta dawo, muka sake faɗawa hannun matuƙin. Na ɗauko cajata da gudu, soket yana nan dab da ƙafar Kaka. Ya riƙe mini hannu.

"Kina sa shi a bangon nan, ya zama na gidan nan."

"Kai dai wallahi kanka ya fi dutse tauri," in ji Brenda.

Sai ga matan sun fito, a jere gaban dogon tebur, wuƙaƙe a hannu.

"Ga Beryl can, ƙawar kakarki!" Kaka ya matso. "Maureen kullum tana gefenta."

Allon ya yi baƙi.

Ban san lokacin da murya ta fito mini ba. Na ce, "Kaka, matarka ce fa! Ba wani mai lasin da ya taɓa dafa maka abinci!" Duk suka juyo suna kallona. Kunya ta rufe ni, amma ban zauna ba. Na ce Brenda ta koma gida ta jona a kicin ɗinta, ta fito bakin katanga. Na ja kujerar Kaka har tsakar gida, ga yayyafi ya fara.

Igiyar ta kai da ƙyar. Brenda ta tsaya a nata ɓangaren ta ɗaga allon a kan katanga. Kaka ya miƙe ya duba ya tabbatar ko kusurwarsa ba ta ƙetaro wajenmu ba, sannan ya gyara tabarau. Ni ina bayansa riƙe da lema, ba na ganin komai sai ƙeyarsa.

Can na ga kafaɗunsa sun girgiza.

"Ka gan ta?" in ji Brenda.

"Dariya take yi," ya ce. "Ji yadda take dariya."

Na yi ɗage, na leƙa ta gefen kunnensa. Jirage ne kuma.

Ina haɗa kalmomin da zan ce a ɗan mayar baya, Brenda ta shinshina iska ta ce, "Wayyo, dankalina!" Ta kwashe allon ta ruga ciki.

Kaka ya share ido da hularsa. "Kin ga gashinta? Irin naki sak."

"Ban gani ba," na ce.

"To ina kike kallo?"

Na miƙa masa lemar, na sungumi kujerar na shige ciki.