Takarda a Bayan Hannu

Shekara goma sha ɗaya Masinja ya yi yana jigilar fayil a asibitin nan, amma bai taɓa leƙa ɗaki na shida ba sai ran Talatar da aka mayar da shi can. Ɗakin masu ciwon maƙoƙo ne. Ya zaci mutum uku ko huɗu zai tarar. Ina! Benci biyar maƙil, yawanci mata, wasu na fifita da katinsu alhali fanka na juyawa.

"Duk waɗannan?" ya tambayi nas.

"Yau ma ai da sauƙi," in ji ta. "Daga kowane ɗaki turo mana su ake yi. Mace ta zo da bugun zuciya, a auna jini, ashe daga wuya ne. Ba kowa yake kumbura ba."

Ya shiga da fayil ya tarar likita ya sa wata mata ta miƙe hannuwa, ya ɗora mata farar takarda a bayansu. Takardar ta kama rawa, kar-kar-kar.

"Kina rama, ga ci?" in ji likita. "Zufa? Saurin fushi?"

"Wallahi likita, a gida har sun sa mini suna Masifatu."

Masinja ya ajiye fayil ya fito. Shekara uku ke nan da ya saki matarsa, tela mai hannu, wadda a da ko ƙuda ba ta yi wa tsawa. Sai ga ta ta rame, barci ya gagara, abu kaɗan ta hau faɗa, zare ma ya ƙi shiga mata allura. Ta ce masa ba ta da lafiya. Shi kuwa gogan naka, da yake a asibiti yake aiki, ya dubi wuyanta sumul ya ce, "Ni na san marasa lafiya. Wannan hali ne." Ranar da ya miƙa mata takardar saki, haka ta yi ta rawa a hannunta. Ya ɗauka tsabar ƙiyayya ce.

Har yau kujerar keken ɗinkinta na nan a ɗakinsa, bai iya zama a kai ba. Kewarta yake yi, kewa mai hana cin abinci.

Ana tashi ya ninke farar takarda ya sa a aljihu, ya nufi shagonta a bayan kasuwa. Duk hanya yana shirya magana: ciwo ne, yana da magani, shi zai riƙe mata layi.

Ya same ta a kan keke, ta yi ƙiba, fuska fes. Suka gaisa sama-sama.

"Don Allah miƙo hannuwanki," ya ce.

Ta dube shi, ta dubi takardar, ta miƙa ba musu. Ya ɗora. Takardar ta kwanta lamo.

"Ɗaki na shida," in ji ta. "Shekara biyu ina zuwa, duk Talatar farkon wata. Nakan hango ka kana wucewa da fayil."

"Me ya hana ki kira ni?"

"In ce maka me? Na riga na faɗa maka tun ina ɗakinka."

"Wa ya kai ki?"

"Maigidana. Direba ne, bai san komai game da ciwo ba. Na ce ba ni da lafiya, ya ce to mu je."

Ta miƙo masa takardarsa, ta ɗauki allura, ta zura zare tashi ɗaya. A hannunsa takardar ta kama rawa.