Ƙwai a Tankin Gishiri

Sa hannun Alhaji Uwaisu kawai nake buƙata. Makarantarmu ta koyon fasaha ba ta ba da takardar shaida sai ɗalibi ya yi wata shida a masana'anta, mai wurin ya sa masa hannu a littafin aiki. A shekarar 1983 ni kaɗai ce mace a ajin gyaran injinan sanyi, aka tura ni gidan ƙanƙarar Alhaji a Sharada. Wata biyar da rabi ina shara da wanke gwangwanayen da ake daskarar da ruwa a ciki, ba a taɓa bari na riƙe sufana ba.

Azumi ya kama cikin zafi, sai ƙanƙara ta daina ƙullewa. A ciro gwangwani, gefe ya daskare, ciki ruwa tsululu. Masu sari daga Dorayi suka cika bakin ƙofa da buhunansu suna zagi.

Mai kula da injin Mamman ne, ƙanin Alhaji, wanda gyaran mota ya sani. Kwana uku yana ɗura wa injin gas, yana kwaɗa masa guduma. Ni kuwa na ga abin da leburori ke yi: duk gwangwanin da bai daskare ba, sai su juye ruwansa cikin tankin ruwan gishirin da ake jera gwangwanayen, wai kada sanyin ya tafi a banza. Ruwan gishirin ya tsinke, ba ya iya ɗaukar sanyin da zai daskarar da ruwan gwangwanayen, shi ke nan.

Na ce, “Malam Mamman, injin lafiyarsa lau. Gishiri tankin yake so.”

Ya ce, “Ku ji min 'yar boko! To Injiniya, mu sa daddawa ma? Miya za mu yi?”

Wurin babu ma'aunin gishiri, amma malaminmu ya koya mana dabara: ɗanyen ƙwai yana tasowa a ruwan da gishirinsa ya kai, yana nutsewa a wanda bai kai ba. Washegari na zo da ƙwai, na sa shi a tankin a gaban kowa. Ya tafi ƙasa kamar dutse.

Na juyo in yi bayani, sai na ga leburori sun ja da baya suna salati. Mamman ya ɗaga murya: “Kun gani da idonku! Asiri take binne mana. Tun da ta zo injin nan bai ƙara lafiya ba.”

Aka kira Alhaji. Bai tambaye ni komai ba.

“Ke Zuwaira, abin da kika jefa, shiga ki ciro shi.”

“Alhaji, ruwan nan ya fi ƙanƙara sanyi. Ku bari a sa raga.”

“Da raga kika sa shi?”

Na cire takalmina na shiga. Ruwan ya kawo mini ƙirji. Da farko kamar ana yanka ni da reza, daga baya na daina jin ƙafafuna, alhali da su nake laluben ƙwan a tsakanin bututai. Mamman ya tsuguna a bakin tankin yana cewa, “Hagu, Injiniya. A'a, dama. Ba a koya muku wannan a makaranta ba?” Wasu suka yi dariya. Na cije leɓena har na ji jini a bakina, na tofar don kada azumina ya karye. Ban yi kuka ba. Da na samo shi na nutsa na ɗauko, na ajiye a gaban takalmin Alhaji, bai ko fashe ba.

Kwana huɗu ina kwance a gida, yatsun ƙafata biyu sun yi baƙi. Da na dawo ina ɗingishi, na tarar an ɗauko wani injiniya daga Bompai, sunansa Ishaya. Ya tsoma ma'aunin gilashi a tankin, ya duba, ya ce a zuba gishiri buhu takwas, kuma a zuƙe rarar gas ɗin da aka ɗura kafin injin ya ƙone. Mamman ya gyaɗa kai ya ce shi ma abin da yake zargi ke nan. Kafin la'asar ta washegari ƙanƙara ta fito tas.

Ranar da wata shidana suka cika na kai wa Alhaji littafina. Ya buɗe biro, ya riƙe.

“Zan sa miki hannu. Amma ki fita tsakar gida ki gaya wa ma'aikata asiri kika yi, kin tuba, ki nemi gafarar Mamman. Kin kunyata min ɗan'uwa.”

“Alhaji, kun dai ji abin da injiniya ya faɗa.”

“Na ji. Shi injiniya ne. Ke fa?”

Na kalli shafin. Layi ɗaya ne ya rage babu komai a kai. Na miƙa hannu na zare littafin daga ƙarƙashin bironsa.

“Allah ya ba da kasuwa, Alhaji.”

'Yan ajinmu suka karɓi takardunsu a wannan shekarar ba tare da ni ba. Ranar Litinin na hau bas zuwa Challawa, ƙafata naɗe da bandeji cikin silifa, na fara bin ƙofofin masana'antu ɗaya bayan ɗaya ina neman inda zan sake wata shida daga farko.