Kayan Cikin Amfilifayar Goggo

Tun kafin ta ajiye jakar asibiti Goggo ta gane an taɓa mata amfilifaya, na'urarta ta ƙara sautin kiɗa. Ƙyallen da take rufe ta da shi ya karkace. A goshin akwatin kuwa, inda katako yake sumul shekara da shekaru, an huda rami an dasa wata 'yar fitila shuɗiya, sai ƙifta ido take yi.

Sati uku Goggo ta yi a kwance, an yi mata aikin gwiwa. Ɗakin nan ba mai shigarsa sai da izininta. Ga faya-fayan garmaho jere a kanta, ga tsofaffin rediyoyi biyar, ga lasifika biyu masu kai mata ƙugu. Amma amfilifayar ce 'yar lelen. A mace ta tsinto ta wajen gwanjon kayan ofishin da ta yi shekara talatin tana buga tafireta. Sai da ta shekara shida tana neman ƙwayayen gilashinta huɗu, masu kama da ƙwan fitila, waɗanda sai sun yi ja sannan sauti ke fita.

Ƙaninta ya shigo bayanta yana murmushi har kunne. Shekararsa hamsin, ga tumbi ga furfura, amma har yau Auta ake ce masa.

"Yaya, tsaya ki ga abin mamaki."

Ya latsa wayarsa. Nan take kiɗa ya ɓarke, wani irin sauti kamar ana dukan gwangwani a banɗaki.

"Kin gani? Babu sauran jiran ta yi zafi. Daga kan gado ma sai ki kunna, ba sai kin taka ƙafar nan ba. Har mimori tana ci!"

Goggo ta matsa kusa. Ta jingine sandarta, ta sa hannu ta ɗaga akwatin. Abin da mutum biyu ke nishi kafin su motsa, yau da hannu ɗaya ya taso. Ta ɗauko sukundireba ta kwance bayan. Wayam. Sai wani ɗan faranti kore, bai kai tafin hannu ba, an manna shi da gam.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ina kayan cikinta?"

"Ai mai gyara ya ce duk sun tsufa. Ya zubar."

"Ni ma na tsufa. Da ka kai ni asibiti, ce musu ka yi su kwashe kayan cikina su zubar?"

"Haba Yaya, don ki huta fa na..."

"Na ce maka na gaji? Ɗauko makullin mota."

"Likita ya ce kada ki..."

"Ɗauko makulli, kafin in manta uwa ɗaya ta haife mu!"

Shagon mai gyara na ƙarshen wani lungu, talabijin matattu jibge har bakin ƙofa, ko'ina ƙaurin dalma. Mutumin siriri ne, da tabarau a goshi. Yana ganin Auta da wata dattijuwa mai sanda sai ya hau goge hannu a riga.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Aikin ya yi kyau ko?"

"Ya yi kyau ƙwarai. Kayan da ka cire na zo karɓa."

"Ayya! Ai masu kwasar shara sun tafi da su tun wancan satin. Tarkace ne, Hajiya, ba abin moro."

Goggo ta dafe sandarta. Shekara shida, a cikin shara. Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ta tsaya. Daga bayan labulen da ya raba shagon biyu wani kiɗa ke fitowa a hankali. Ba ta san waƙar ba. Amma ta san wannan taushin, ta kuma san ɗan gurnanin da ke kwance a ƙarƙashinsa, wanda ta yi ta fama ta kashe ya ƙi mutuwa.

Ta ɗaga labulen da bakin sanda.

"Hajiya, nan ciki ba a..."

Ga su nan kan tebur. Kayan cikin amfilifayarta gaba ɗaya, tsirara ba akwati, an share musu ƙura, an jona su da wasu lasifika. Ƙwayaye huɗu sun yi jawur. Har kujera mutumin ya ajiye a gabansu, da kofin shayi.

"Waɗannan nawa ne na kaina," in ji mai gyara da sauri. "Irinsu ai da yawa a duniya."

"Da yawa ko? Auta, zo nan. Kai mai ido, tunda ba ka da kunne. Leƙa gindin ƙwan farko. Me ka gani?"

Auta ya sunkuya. "Farin ɗigo ɗaya."

"Na biyu?"

"Biyu."

"Na huɗun kuma za ka ga ɗigon ƙarshe ya shafe, don atishawa ta kama ni ina ɗigawa. Ruwan goge kuskuren tafireta ne. Ni na sa, don kowane ya san mazauninsa." Ta juyo kan mai gyara. "Masu kwasar sharar ne suka dawo maka da su, har suka haɗa maka shayi?"

Sai a lokacin Auta ya fahimta. Ya yi wata ƙara, ya cakumi wuyan rigar mutumin. "Ni za ka mayar sakarai? Ɓarawo!" Ya sake shi, ya kai hannu zai fizgo ƙwayayen.

Sandar Goggo ta sauka a bayan hannunsa, ɗas!

"Kada ka kuskura! Da zafinsu za ka cire, ka ƙone, ka sakar min su a ƙasa? Ɓarnar da ka yi ba ta ishe ka ba?"

Ita ta kashe na'urar da kanta. Ta ja kujerar mai gyara ta zauna, ta miƙe ƙafar da ke mata zogi. Jan da ke cikin gilashin ya soma dushewa.

"Sai sun yi sanyi. Ba mai fita."

Suka tsaya cirko-cirko. Goggo na huci, idonta na kan ƙwayayen. Can mai gyara ya yi gyaran murya.

"Hajiya, wallahi shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa jin sauti irin wannan ba. Shi ya ce in cire in zubar. Na kasa."

"Ka kasa zubarwa, amma ba ka kasa huda min katako ba. Wannan," ta nuna Auta da haɓa, "bai san komai ba, tun yana rarrafe haka yake. Kai kuwa ka san abin da ke hannunka, ka kalle shi ka ce tarkace ne. Da ka zo ka yi sallama, da na ba ka kujera ka saurara har ka gaji. Yanzu ko inuwarka ba na so a ƙofata."

Ta taɓa gilashin da bayan yatsa. Ya yi sanyi. Ta zare su ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe kowane a gefen gyalenta. Sauran ƙarfen ta bar wa Auta, ya rungumo shi yana nishi har mota.

La'asar ta yi kafin ta gama mayar da komai. Koren farantin da shuɗiyar fitilar ta jefa masa a cinya. Ramin dai yana nan a goshin akwatin, ba abin da zai toshe shi.

Ta ɗora faifai, ta kunna. Shiru.

"Yaya, ko dai ta lalace..."

"Zauna. Rufe min baki. Yau sai ka koyi jira."

Ta cikin ramin da aka huda, jan ƙwayayen ya fara bayyana.